Amsa ga mai tambaya kan ƙarin nauyi da stol

Salam ɗan'uwa na Nima, ka ce jirgin saman da kake haɗawa ya fi nauyin da ke cikin zane, wai ko babban inji zai gyara lamarin. Gaskiya a'a. Stol ba mutuwar inji ba ne, fiffike ne ke daina ɗaukar jirgi in hancin ya ɗagu ya wuce wajen digiri 15 da iskar da ke zuwa, shi ke nan. Nauyi in ya ƙaru dole fiffiken ya nemi ƙarin gudu, ka ƙara kashi 21 cikin 100 na nauyi to gudun stol, wato gudun da in jirgi ya yi ƙasa da shi fiffike zai daina ɗaukarsa, zai hau da kashi 10. Ka raba nauyin da faɗin fiffike ka gani, misali ƙaramin jirgin Zenith CH 701 irin wanda aka haɗa a garin Kpong na Ghana kilo 500 ne kan murabba'in mita 11 da ɗoriya, wajen kilo 44 kowace mita, shi ya sa yake sauka a hankali haka.

Abin da ya fi damuna shi ne kwana, in ka karkata digiri 60 fiffike yana ɗaukar nauyin ninki biyu, gudun stol ya hau da kashi 41, kuma yawanci a ƙasa ƙasa ake samun irin wannan stol ɗin wajen juyowa sauka inda babu sararin gyara. Inji yana ɗan rage gudun stol don iskar farfela tana bin fiffike, amma in stol ya zo a haka da ƙarfi yake zuwa, fiffike ɗaya ya faɗi. Babban inji ma ƙarin nauyi ne a hanci.

Don Allah ka auna jirgin a sikeli, ka nemo inda tsakiyar nauyinsa take, sannan ka tuntuɓi GCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Ghana, kafin gwajin tashi.