Likita Na Amsawa: Mai Kai Ɗauki Ya Fara Tsare Kansa

Wata ɗalibar aikin jinya daga unguwar Sabon Gari a Damagaram ta tambaya: idan babu safar hannu, yaya za a taɓa mai zubar da jini?

'Yata, ki sa hannunki cikin leda mai tsabta, ki danne raunin da ƙyalle, sannan a garzaya da shi asibiti.

Wani ɗan agaji daga Zango ya ce jinin wanda ya ɗauka ya taɓa wani yanka a hannunsa.

Malam, ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka je asibiti yau ɗin nan, domin maganin kariya daga sida ba ya amfani idan an wuce awa 72, kuma akwai batun ciwon hanta da shi ma ake ɗauka ta jini.

Wani ɗan kabu-kabu daga Birni ya rubuto cewa sun tarar da tankar mai ta kife a hanyar Tanut, abokansa suka ce wanda ya tsaya dube-dube matsoraci ne.

Ɗana, wannan magana ita ce ta fi tayar mini da hankali. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 tankoki ba sa yankewa a wannan hanya, kuma tururin esansi yana kwanciya ne ƙasa-ƙasa yana bin iska, ta yadda tartsatsin babur ko guntun taba daga nesa ya isa ya tashe shi. A watan Mayu na 2019 fiye da mutum 50 suka ƙone kusa da filin jirgin Yamai, da yawansu suna riƙe da jarka. Ka kashe babur ɗinka can nesa, ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ka kori masu ɗibar mai, ka kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Ka jera rassan itace a kan hanya, gaba da bayan wurin hatsarin, domin da dare motar da ke tafe ba ta ganinka.

Wanda ya ji rauni kuwa, kada a ja shi ta hannu ko a naɗe shi bisa babur, sai idan wuta na gab da cim masa, saboda karayar ƙashin wuya ba a ganinta da ido. Har yanzu ana kawo mana raunukan da aka zuba wa man birki, toka ko ƙasa, mu kwana muna kankarewa. Don Allah a daina! Kada a ba shi ruwa ko da ya roƙa, domin wataƙila tiyata ke jiransa. A kai shi babban asibitin Damagaram ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, tun da zubar jini ta ciki ba ta nuna kanta da wuri.