Tambaya da Amsa: Yaya Masana Suka San Mafarin Sararin Samaniya?

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a Gusau. Wani ɗalibina ya tambaye ni yadda masana kimiyya suka san cewa sararin samaniya ya faro daga abin da suke kira Babbar Fashewa, alhali babu wanda ya shaida aukuwarta. Wace hujja suke da ita?

Amsa: Malam, ɗalibinka ya cancanci yabo. Masana sawu suka bi, kamar yadda maharbi yake gane dabbar da ta wuce da dare.

A shekarar 1927, Georges Lemaître, wani limamin coci ɗan ƙasar Beljiyam, ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. A 1929 kuma masanin taurari Edwin Hubble, da babbar na'urar hangen nesa da ke kan dutsen Wilson a Amurka, ya gano cewa gungu-gungun taurari suna ta nisantar mu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi gudu. Idan aka mayar da wannan tafiya baya, za a tarar cewa kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce komai yana cunkushe cikin matsanancin zafi. Sunan fashewa yana rikitar da ɗalibai, domin sararin ne da kansa yake buɗewa, kamar ƙullun da aka barbaɗa wa riɗi: yana kumbura, kowace ƙwaya tana nisantar 'yar'uwarta.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta bayyana ne a 1964, lokacin da wasu masana biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suka riƙa jin wani ɗan ƙugi a eriyarsu da ke jihar New Jersey a Amurka, ko ta ina suka juya ta, dare da rana. Sun zargi tattabarun da suka yi sheƙa a cikinta, suka kore su, suka goge kashinsu, amma ƙugin yana nan daram. Ashe ragowar hasken da ya kuɓuto ne sa'ad da sararin samaniya yake da shekara wajen 380,000, wanda ya huce har ya zama irin hasken da ido ba ya gani. Wannan ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1978.

Ka kuma faɗa wa ɗalibin gaskiya cewa lissafin yana kaiwa ne zuwa wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙar farko, kuma abin da ya gabaci wannan, kimiyya ba ta auna shi ba.