Ga mai tambaya kan gasar kuɗin bincike ta jami'a

Ƙanena, ka ce an buɗe gasar tallafin bincike, gurabe kaɗan, masu nema da yawa, kana son sanin yadda dosiyenka zai wuce. Sau biyu na shiga, na farko na sha ƙasa.

A karon farkon na rubuta cewa zan yi nazarin matsalar ruwa a jihar Damagaram kaf, daga Magariya har Tanut da Tasker. Kowa ya san dutsen da garin Zinder ke zaune a kai ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo shi daga wajen gari, irin su Gogo Machaya. Na ɗauka girman matsalar kaɗai ya isa a ba ni kuɗi. Ba a ba ni ko dala ba. Bayan sakamako ya fito, wani dattijo cikin masu tantancewa ya ja ni gefe, ya buɗe shafin kasafina, ya ɗora yatsa kan kuɗin mota, ya tambaye ni ko na taɓa zuwa Tasker. Ban taɓa ba. Ashe abin da na rubuta ko man zuwa ba zai saya ba, balle na dawowa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da shekara ta zagayo sai na rage buri. Na tsaya kan rijiyoyin garake na Mirya, kilomita 18 daga gari, inda babur ke kai ni in dawo kafin magariba. Tambaya guda: yaya ruwan rijiya ke ja baya daga Nuwamba zuwa Mayu? Kafin ma in ajiye dosiye na yi wata biyu ina auna zurfin ruwan da igiya da mita, da kuɗin aljihuna. Wannan ɗan jadawalin na sa a shafi na biyu, kuma ina jin shi ya ci mini gasar, don sun ga aikin ya riga ya kankama.

Ka tuna masu karantawa ba duka 'yan fanninka ba ne. Ba wa malamin wani sashe shafin farko. Duk inda ya yamutsa fuska, sake rubutawa. Ka kuma faɗi mujallar da kake hange da ɗalibin masta da zai amfana, tunda da maƙala CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a don ƙarin girma, ke auna mu.

Kada ka ɗaure aikinka da ranar fitowar kuɗi. In na damina ne, kuɗi suka makara zuwa Oktoba, an riga an girbe hatsi, sai baɗi. Tsara watannin farko da abin da ba ya cin kuɗi.

In Allah ya ba ka, riƙa karɓar rasit na komai. Mai sayar da esansi a kwalba ba ya bayarwa, ni sai da na biya wannan daga albashina.