Ka biya shi, ka naɗi muryarsa: dakata tukuna kafin ka saka a Facebook

Alhaji, na karanta saƙonka. In dai na fahimce ka daidai, wani ma'aikacin gwamnati ya tsare maka motar albasa a hanyar shiga kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuka daidaita a kan naira dubu 150, ka tura masa ta asusunsa, ka kuma naɗi muryarsa a waya. Yanzu kana so ka saki muryar, ka maka shi a kotu, a kuma ba ka kaso biyar ɗin nan na masu kwarmata bayanai. Toh, ni ban ji muryar ba, ban ga takardun motar ba, don haka duk abin da zan faɗa a kan labarinka kawai na ɗora shi.

Kana kallon kanka a matsayin wanda aka zalunta kawai, doka kuwa ba lallai ta kalle ka haka ba. A dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya, ta shekarar 2000, sashe na 8 na kan mai karɓa ne, na 9 na kan mai bayarwa, kuma kowanne ɗaurin shekara 7 ne. Na san za ka ce dole aka yi maka, kaya na neman lalacewa a rana, kuma wannan na iya taimakonka sosai, amma fa ya danganta da abin da ke cikin muryar. In shi aka ji yana barazanar ba kuɗi ba mota, wannan ya fi kama da ƙwace. In kuwa kai aka ji kana cewa oga a rufa asiri ga na goro, to da hannunka ka naɗi shaida a kanka. Sannan sashe na 23 ya ɗora wa wanda aka nemi cin hanci a wurinsa nauyin kai rahoto da wuri ga ICPC ko 'yan sanda, kuma yin shiru ba uzuri laifi ne shi ma. Jinkirinka za a tambaye ka dalilinsa.

Maganar kaso biyar cire ta a ranka. Tsari ne na ma'aikatar kuɗi ta tarayya tun Disamba 2016, kashi 2.5 zuwa 5 na kuɗin gwamnati da aka ƙwato, naka kuwa kuɗin aljihunka ne. Ko wanda ya tona dala miliyan 43 ɗin nan da aka ɓoye a wani gida a unguwar Ikoyi ta Legas a 2017 sai da aka shafe watanni ana ja-in-ja kafin ya ga wani abu.

Facebook kuma a ganina kar ka soma. Irin wannan mutumin da bai ji kunyar karɓar kuɗi ta asusunsa ba, ba zai ji kunyar kai ka ƙara kan ɓata suna ba, sai ka wayi gari kai ke neman beli. Ka adana wayar yadda take, kar ka yanke muryar, ka karɓo bayanin asusunka daga banki, don sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 na da sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga waya.

Hanya dai sananniya ce, takardar koke zuwa ICPC, ko hukumar koke da yaƙi da rashawa ta jihar Legas da aka yi dokarta a 2021 in ma'aikacin jiha ne. Su ke bincike, ba kai za ka gurfanar da shi ba, kuma koke ba ya nufin kuɗinka zai dawo gobe. Lauya ya saurari muryar kafin ka rubuta ko kalma ɗaya.

In kuɗinka kake so, ƙarar neman dubu 150 na iya cinye fiye da hakan. Ni da zan fara ne da shugabannin ƙungiyarku na kasuwa, su tafi da lauya wurin shugaban ofishin nasa, sau da yawa shaidar tura kuɗi kaɗai na sa a sauko. Amma ka kiyaye, karɓar kuɗinka daban, alƙawarin ɓoye laifi don an biya ka daban, na biyun na iya jawo maka tuhuma. Kar ka sa hannu a komai sai lauyanka ya karanta.