Tambayi likita: man kalendula, ina ya tsaya?

Satin nan tambayoyi uku suka shigo duk a kan kalendula, da alama masu talla a WhatsApp sun sako shi gaba. Fure ne ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemu, asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, dangin su furen rana ne. Hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na ƙananan raunuka da ɗan kumburin fata ko na cikin baki. Ƙanana fa nace.

Daga Rigasa: Likita dan Allah yarona wata 5, famfas ya cinye masa mazaunai sun yi jawur, ƙanwata ta kawo min kirim ɗin kalendula, in shafa?

Toh maman yaro, kafin ki kai ga kirim ki fara da abin da ba kuɗi, ki riƙa canza famfas da wuri, ki wanke da ruwan ɗumi ki tsane a hankali, ki shimfiɗa zani ki barshi tsirara ya sha iska ko na rabin awa ne. Wlh rabin yaran da nake gani abin da suke nema kenan. Ita waccan hukumar tace babu isassun bayanai a kan yara 'yan ƙasa da shekara 6, shi yasa na fi tura iyaye wajen kirim mai zinc oxide da yake kemis. In kuma jan ya shiga cikin matsematsi, ga 'yan ƙuraje ƙanana a gefe kamar an yayyafa, wannan sanyi ne na fungus, kalendula ba zai taɓa shi ba, ki kawo shi a duba.

Daga Unguwar Rimi: Ina da ciki wata 3 ga olsa tana damuna, an ce in riƙa shan shayinsa.

A'a Hajiya, ki ajiye. Ba a tabbatar da lafiyarsa ga mai ciki ko mai shayarwa ba. Ki faɗa musu a wajen awo, akwai maganin da ya dace da ke.

Daga Tudun Wada: Babanmu mai ciwon suga ne, gyambo ya fito masa a yatsar ƙafa sati 3 yaƙi warkewa. Akwai furen a gidanmu, mu daka mu sa masa?

Ɗan uwa nan ne zan ɗaga murya. Kar ku daka komai. Na farko ma abin da masu saida shuke-shuke a bakin titi suke kira marigol yawanci wani fure ne daban, tagetes, asalinsa Meziko, ganyensa a tsattsage yake ga wari mai ƙarfi, shi kalendula ganyensa dogo ne ba tsaga. Amma ko da shi ɗin ne na gaske, ƙafar mai suga ba wajen gwaji bace, sau da yawa jijiyoyin sukan mutu, Baba zai iya rashin jin zafi alhali ciwon yana cin nama ta ciki har ƙashi, haka ake zuwa ga yanke ƙafa. Ku kai shi asibitin Barau Dikko ko asibitin da ya fi kusa, gobe da safe ba jibi ba.

Nasan za a ce ai an yi bincike. Eh an yi a Lyon ta Faransa, aka wallafa shi a 2004, mata 254 masu kansar nono da ake musu gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, masu shafa kalendula kashi 41 ne fatarsu ta ƙone sosai, masu shafa wani kirim daban da aka kwatanta da shi kashi 63. Sai dai da aka sake gwadawa a Suwidin ba a ga bambanci ba, kuma ƙunar gashi daban gyambon suga daban.

Wanda zai saya don ɗan ƙwarzane ko kaushin hunturu, ya duba lambar NAFDAC, ya ɗan shafa a cikin hannu ya jira kwana ɗaya, in ya yi ƙaiƙayi ko borin jini ya wanke ya haƙura da shi.