Amsa ga ɗana mai zane, kan wasan tuta na Italiya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga hotunan samarin Italiya suna cilla tuta sama suna cafewa, kana tambaya ko al'ada ce mai tushe ko wasa ne don 'yan yawon buɗe ido. Ka kuma ce in ka zana su sai tutar ta fito kamar tsumma a kan igiyar shanya. Amsar biyun tana wuri guda.

Tushen abin yaƙi ne. A zamanin da biranen Italiya suke yaƙar juna, mai riƙe da tuta shi ke nuna wa dakaru inda za su dosa, kuma faɗuwar tuta a hannun abokan gaba babban abin kunya ne. A 1638 wani malamin takobi, Francesco Alfieri, ya wallafa littafi a Paduwa kan sarrafa tuta kaɗai. Ƙungiyoyin da ake gani yau a Arezo da Gubiyo da Fa'enza yawanci bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa su. Siyena kuwa nata ya daɗe yana tafiya a cikin unguwanni, don haka a can nake so ka zuba ido.

Siyena tana da unguwanni 17, kowacce da alamarta da launinta. Unguwar Kunkuru rawaya da shuɗi, ta Raƙumin Dawa fari da ja, ta Dodon Koɗi ja da rawaya da ɗan ratsin shuɗi. Ana sukuwar Paliyo sau biyu a shekara, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, dawakai 10 su zagaya dandalin Kampo sau 3 ba sirdi. Kafin sukuwar ake jerin gwano, kowace unguwa da makaɗin ganga ɗaya da masu tuta biyu. Har kyauta ake bai wa unguwar da ta fi iya fitowa. Idan ka musanya launi, ka ɗora alamar wata unguwa a kan tutar abokiyar hamayyarta, mutumin Siyena zai ɗauka raini ne. Ka tabbatar da launi kafin ka tsoma burushi.

Yanzu ga matsalar zanenka. Kana kallon ƙyallen ne, alhali sirrin yana cikin sandar. Ƙyallen siliki ne, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi, ba shi da wani nauyi. A gindin sandar kuwa, wajen mariƙi, an ɗura dalma. Dalmar nan ce take janyo nauyi kusa da hannu, shi ya sa in an cilla tuta ba a tsakiyarta take juyawa ba, kusa da gindi take juyawa, kuma gindin ne ke fara saukowa ya faɗo a tafin mai ita. Ka tuna yadda mata ke cilla taɓarya wajen lugude su tafa su cafe ba tare da sun ɓata kiɗan turmi ba. Sun san nauyin abin da suka saki, sun san lokacin dawowarsa. Haka mai tuta yake.

Motsin farko da ake koya wa yaro shi ne zana lamba 8 a iska, da wuyan hannu ake yinsa. Muddin sandar tana tafiya ƙyallen yana buɗe, da an yi sanyin hannu sai ya naɗe a jikin sanda. Babban jifa na ƙarshe kuwa da gangan ake naɗe ƙyallen, a ɗan durƙusa, a cilla da ƙarfin ƙafa da baya, sai ya warware a can sama. In naɗin ya yi tsauri ba zai buɗe ba, in ya yi sako-sako iska ta kama shi tun a ƙasa ya kasa tashi. Iskar gefe kuma tana ture tutar, dole mai ita ya taka ya bi ta.

To in za ka zana, fara da layi ɗaya na sandar, ka sa ɗigo inda nauyin yake. Sai ƙafafu, a buɗe, gwiwa a lanƙwashe. Sai kai, a ɗage, ido a kan gindin sandar. Ƙyalle shi ne na ƙarshe, kuma kullum a baya yake, yana bin inda sandar ta baro. In sanda ta yi dama, jelar ƙyalle tana hagu. Kada ka zana alamar unguwa cikakkiya a shimfiɗe, lanƙwasa tana cinye wani sashe nata, kuma a bayan tuta a juye take fitowa. Ka yi aiki da gawayi, kowane zane daƙiƙa 30, ka cika shafuka kafin ka taɓa launi. In da hoto za ka yi aiki, saurin ɗaukar kyamara na 1/1000 na daƙiƙa yana daskarar da tutar ka ga siffarta, 1/60 kuma yana barin ta da hazo ka ga hanyar da ta bi. Ka nemi duka biyun.

Siliki yana barin haske ya ratsa shi, kuma da yamma ake jerin gwanon. Sashen da rana ke bayansa yana haske fiye da sauran, don haka ja ɗaya ba zai wadatar ba, ka haɗa aƙalla uku. Bangon dandalin jan bulo ne, ƙasar da ake shimfiɗa wa dawakai rawaya ce. Ka kwantar da waɗannan, kada su yi gasa da tutar.

Kyautar sukuwar ma zane ce a kan dogon siliki, kowane Paliyo ana ba wani mai zane ya yi sabo. Fernando Botero na Kolombiya ya yi na Agustan 2002. Ka nemi hotunan waɗannan ka duba yadda kowa ya shirya alamomin unguwannin a cikin doguwar siffa mai matsi. Ka turo mini zanen gawayin in ka yi. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka.