Benen gilashi a Damagaram?

Malam, ka tambaya ko benen gilashi irin na Dubai zai dace da ofis a Damagaram. Ni dai ban ba ka shawara ba. Ranar watan Afrilu in ta bugi gilashi, ciki ya zama tanda, wuta na ɗaukewa kowa ya fito yana fifita da takarda.

Dubi Eastgate, wani ginin ofisoshi da kantuna a Harare ta ƙasar Zimbabuwe, zanen Mick Pearce, da aka buɗe a 1996. Dabarar suri ya ara: da dare fanka na jawo iska mai sanyi ta ratsa kankaren ginin, da rana zafi ya fice ta bututun sama. Mu ma muna da namu. Shiga tsohon zaure a Birni da azahar, ka dafa bangon nan mai kauri, sanyi za ka ji a tafinka.